Tarihin Intanet Da Yanar Gizo: Yadda Hanyar Masu Bincike Ta Zama Kasuwa

Gabatarwa

Akwai ranaku biyu a tarihin sadarwar zamani da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san da su, dukkansu kuwa sun faɗo ne a 30 ga watan Afrilu. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar binciken kimiyya ta ƙasashen Turai mai suna CERN, wadda ke gefen birnin Geneva na ƙasar Suwizalan, ta ba da sanarwar cewa ta yafe haƙƙinta na mallakar fasahar yanar gizo, ta yadda kowa zai iya amfani da ita ba tare da biyan ko sisin kwabo ba. Bayan shekara biyu cif, wato ranar 30 ga Afrilu, 1995, gwamnatin Amurka ta rufe babban layin da take ɗaukar nauyinsa, wanda shi ne ƙashin bayan intanet a lokacin, ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu aikin jigilar saƙonni. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ne hanyar da aka gina domin malaman jami'a da masu bincike ta rikiɗe ta zama kasuwa.

Wannan nazari zai bi diddigin yadda al'amarin ya faro, da nufin amsa tambayoyi uku da suka shafi harkar kuɗi: wa ya biya kuɗin gina hanyar, wa ya ci moriyarta, kuma me ya sa waɗanda suka yi gaggawar kafa shingen karɓar kuɗi a kanta suka sha kaye?

Kafin nan, yana da kyau a bambanta abubuwa biyu da jama'a kan ɗauke su abu guda. Intanet ita ce hanyar kanta, wato wayoyi da na'urori da ƙa'idojin da ke ba kwamfutoci damar aika wa juna saƙo. Yanar gizo kuwa ɗaya ce daga cikin hidimomin da ke bin wannan hanya, wato shafukan da ake buɗewa a karanta, a latsa wani wuri a tsallaka zuwa wani shafin. Intanet ta girme ta da kimanin shekara 20. In an kwatanta intanet da titi, to yanar gizo ita ce jerin kantunan da aka gina a bakin titin daga baya.

Tsadar Kwamfuta Ita Ce Mafari

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya. Lamarin ya girgiza Amurka ƙwarai, domin ya zo ne ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka. Saboda haka a watan Fabrairu, 1958, gwamnatin Shugaba Eisenhower ta kafa hukumar ARPA a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, ta ɗora mata alhakin ba da kuɗin binciken da zai hana a sake shammatar Amurka a fagen kimiyya.

Kwamfutar wancan zamani kuwa takan cika ɗaki guda, tsadarta kuma ta fi ƙarfin galibin jami'o'i. Kowace jami'a da ke yi wa ARPA aiki tana neman a saya mata tata, alhali na'urar wannan kamfani ba ta fahimtar ta wancan. A 1966, jami'in da ke shugabantar sashen kwamfuta na hukumar, Robert Taylor, yana da na'urorin shiga guda uku a ofishinsa da ke hedkwatar tsaro ta Pentagon, kowace tana magana da kwamfuta ɗaya kawai a wani gari dabam. Ganin wannan ɓarnar dukiya ne ya sa ya je wurin shugaban hukumar, Charles Herzfeld, da shawarar a haɗa kwamfutocin ta waya domin a riƙa cin moriyar juna. Ganawar ba ta wuce kimanin minti 20 ba, aka ware masa dala miliyan 1.

Akan ji ana cewa an gina intanet ne domin ta jure harin makaman nukiliya. Gaskiyar magana ita ce wannan damuwa ta shafi binciken wani masani dabam da za a ambata nan gaba. Dalilin da ya sa ARPA ta fitar da kuɗi kuwa dalili ne irin na 'yan kasuwa: kadara mai tsada tana zaune ba a cin cikakken amfaninta.

Shata Da Lodin Haɗin Gwiwa

Matsalar farko ita ce yadda za a aika saƙon. Tsarin wayar tarho tamkar ɗaukar shatar mota ne. Da zarar mutum ya buga waya, an keɓe masa layi tun daga farko har ƙarshe, ko yana magana ko ya yi shiru, kuma zai biya kuɗin kowane minti. Ita kuwa kwamfuta takan aika saƙo cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ta yi shiru na tsawon lokaci. Ɗaukar mata shatar layi asara ce tsagwaronta.

Masana biyu ne suka gano mafita, kowa ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba. Na farko shi ne Paul Baran na cibiyar bincike ta RAND a Amurka, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1964, shi ne kuma wanda ke neman tsarin da zai ci gaba da aiki ko da an ragargaza wani sashe nasa a yaƙi. Na biyu shi ne Donald Davies na ɗakin binciken kimiyya na gwamnatin Ingila, wanda ya fara nasa a 1965. Dabarar ita ce a yayyanka saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshi da lamba, kowane ya bi duk hanyar da ya samu a buɗe, in sun isa a sake jera su. Ta haka layi guda zai ɗauki kayan mutane da yawa a lokaci ɗaya, kamar yadda babbar mota kan ɗauki lodin 'yan kasuwa dabam-dabam, kuɗin jigilar kowa ya ragu.

Baran ya kai wannan shawara ga kamfanin AT&T, wanda a lokacin shi ke riƙe da kusan dukkan harkar tarho ta Amurka. Injiniyoyin kamfanin suka yi watsi da ita, suna ganin ba za ta yi aiki ba. Ba abin mamaki ba ne, domin kamfanin da ke samun kuɗin shigarsa daga shata ba zai yi murna da lodin haɗin gwiwa ba.

Saƙon Farko Da Abin Da Jama'a Suka Zaɓa

A ƙarshen 1968, wani ƙaramin kamfani mai suna BBN da ke jihar Massachusetts ya ci kwangilar ƙera na'urorin da za su riƙa rarraba ƙunshin saƙonni, kowace kusan girman firji. Layukan da suka haɗa su kuwa hayarsu aka yi daga AT&T, masu gudun kilobit 50 a sakan guda. A daren 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline, a ɗakin binciken Farfesa Leonard Kleinrock na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya yi ƙoƙarin shiga kwamfutar Cibiyar Bincike ta Stanford, mai nisan fiye da kilomita 500. Haruffa biyu kacal ya aika, L da O, sai na'urar can ɓangaren ta tsaya cik. Aka gyara, aka sake gwadawa, ya yi nasara. Kafin ƙarshen shekarar an haɗa wurare huɗu, har da Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara da Jami'ar Utah. Wannan ita ce ARPANET. A 1973 ta ƙetara teku zuwa ƙasar Norway da birnin Landan.

Sai dai abin da aka gina hanyar dominsa, wato aron ƙarfin kwamfutar wani, ba shi ne ya fi jan hankalin masu amfani da ita ba. A 1971 wani injiniyan BBN, Ray Tomlinson, ya rubuta manhajar aika wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata, ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan na'urarsa. Ba ya cikin kwangila, ba kuma wanda ya umarce shi. Amma ya zuwa 1973, kimanin kashi 75 cikin ɗari na zirga-zirgar ARPANET wasiƙun imel ne.

A farkon shekarun 1970 ɗin nan ne kuma ARPA ta yi wa AT&T tayin ya karɓi hanyar baki ɗaya ya riƙa gudanar da ita a matsayin kasuwanci. Kamfanin ya nazarci tayin, ya ce bai dace da harkarsa ba.

Ma'auni Guda Ga Kowa

Ba da jimawa ba wasu hanyoyin suka ɓullo, wasu ta rediyo, wasu ta tauraron ɗan'adam, kowace da tsarinta. A watan Mayu, 1974, Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa ƙa'idar da za ta haɗa su duka, wadda daga baya aka san ta da TCP/IP. Aikinta ya yi kama da na kwantena a harkar jigilar kaya. Muddin kwantena ta cika ma'aunin da aka amince da shi, jirgin ruwa da jirgin ƙasa da tirela duk za su ɗauke ta ba tare da sanin abin da ke ciki ba. A ranar 1 ga Janairu, 1983, ARPANET ta koma kan wannan ƙa'ida gaba ɗaya, shi ya sa masana da dama ke ɗaukar ranar a matsayin ranar haihuwar intanet.

Ba ita kaɗai ce a fage ba. Kamfanin IBM yana da tasa ƙa'idar, kamfanin DEC yana da tasa, kowa na son abokin ciniki ya maƙale da kayansa. Gwamnatocin Turai kuma sun goyi bayan wani tsari mai suna OSI, wanda kwamitoci suka shafe shekaru suna tsarawa. Abin da ya ba TCP/IP galaba shi ne an wallafa ta a fili, babu kuɗin lasisi, kuma gwamnatin Amurka ta biya aka sanya ta cikin manhajar Unix ta Jami'ar Berkeley, wadda ta bazu a jami'o'i tun daga 1983. Ɗaliban da suka koye ta a makaranta su ne suka zama injiniyoyin kamfanoni daga bisani.

A 1983 ɗin ne Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin ba kwamfutoci sunaye a madadin lambobi, aka kuma yi rajistar suna na farko mai ƙarewa da .com a ranar 15 ga Maris, 1985. Yawan kwamfutocin da ke kan hanyar ya tashi daga 213 a 1981 zuwa kimanin 1,000 a 1984, ya haura 100,000 a 1989, ya kuma wuce miliyan 1 a 1992.

Lokacin Da Aka Hana Ciniki

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne a tsawon waɗannan shekaru an hana kasuwanci a kan babban layin intanet. A 1986, hukumar ba da tallafin binciken kimiyya ta Amurka ta kafa NSFNET domin haɗa jami'o'i da cibiyoyin manyan kwamfutoci. Ta fara da gudun kilobit 56, ta ƙaru zuwa megabit 1.5 a 1988, sa'an nan megabit 45 a farkon shekarun 1990, har ta maye gurbin ARPANET wadda aka rufe a 1990. Da yake da kuɗin haraji aka gina ta, an gindaya sharaɗin cewa ta bincike da ilmi ce kawai.

Masu neman kuɗi a lokacin wata hanya suka bi. Kamfanoni irin su CompuServe da Prodigy da America Online sun gina nasu zagayayyun kasuwanni, inda mutum ke biyan kuɗi kafin ya shiga, abin da kamfanin ya ga dama kuma shi zai gani. A Faransa, hukumar sadarwa ta gwamnati ta ƙaddamar da Minitel a 1982, ta raba wa masu tarho ƙananan na'urori kyauta. Da su miliyoyin Faransawa suka riƙa duba lambobin waya, da sayen tikitin jirgin ƙasa, da hulɗa da banki, ana haɗa kuɗin da takardar biyan tarho. Minitel ta riga yanar gizo ciniki da shekaru, ta kuma kawo kuɗi mai yawa, amma hukuma ɗaya ce ke riƙe da ƙofarta, ba ta kuma yi tasiri a wajen Faransa ba. An rufe ta ranar 30 ga Yuni, 2012.

A Amurka kuwa matsin lambar 'yan kasuwa ya yi ta ƙaruwa. A 1991, kamfanoni uku masu sayar da hidimar intanet, wato PSINet da UUNET da CERFnet, suka haɗa layukansu kai tsaye domin kauce wa layin gwamnati da sharaɗinsa. A 1992 majalisar dokokin ƙasar ta sassauta dokar. Hanya ta fara buɗewa ga ciniki, amma har lokacin amfani da ita sai wanda ya ƙware a rubuta wa kwamfuta umarni.

Haihuwar Yanar Gizo

Mafita ta fito ne daga Turai. Cibiyar CERN tana karɓar dubban masana daga ƙasashe da dama, kowa ya zo da irin kwamfutarsa, in ya tafi kuma bayanansa su ɓace a cikinta. A watan Maris, 1989, wani Bature ɗan Ingila mai shekara 33, Tim Berners-Lee, ya rubuta wa shugabanninsa shawarar yadda za a magance wannan. Shugabansa, Mike Sendall, ya rubuta a saman takardar cewa shawarar ba ta fito sarai ba, amma tana da ban sha'awa, daga baya kuma ya ba shi damar gwadawa.

Tare da goyon bayan abokin aikinsa ɗan ƙasar Beljiyam, Robert Cailliau, kafin ƙarshen 1990 Berners-Lee ya kammala abubuwa uku da yanar gizo ke tsaye a kansu har yau: tsarin ba kowane shafi adireshi, ƙa'idar neman shafi da aiko shi, da kuma salon rubuta shafin da zai ɗauki mahaɗi zuwa wani shafin. Muhimmin abu a tsarin nasa shi ne babu wani ofishi da za a nemi izininsa kafin a buɗe shafi ko a haɗa shi da na wani. A watan Agusta, 1991, ya sanar da duniya aikin, a watan Disamba na shekarar kuma aka kafa masaukin shafuka na farko a Amurka, a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Stanford.

Garin Neman Gira

Yanar gizo tana da kishiya a lokacin, wadda ma ta fi ta farin jini. Sunanta Gopher, wata manhajar neman bayanai da Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, mai sauƙin kafawa da sauƙin amfani. A watan Fabrairu, 1993, jami'ar ta ba da sanarwar cewa kamfanoni za su riƙa biyan kuɗin lasisi kafin su yi amfani da manhajarta. Hujjarta mai ma'ana ce, tunda ita ke biyan albashin masu aikin. Amma sanarwar ta tsorata masu ƙirƙira da kamfanoni, domin ba wanda ke son ya yi gini a filin da mai shi zai iya ƙara kuɗin haya duk ranar da ya so.

Berners-Lee da Cailliau sun ga abin da ya faru, suka matsa wa hukumar CERN ta fito fili ta bayyana matsayinta. Sakamakon haka shi ne sanarwar 30 ga Afrilu, 1993. Daga nan masu ƙirƙira suka yi ta ƙaura zuwa yanar gizo. Bisa ƙididdigar CERN, masaukan shafuka sun haura 500 a ƙarshen 1993, sun kai kimanin 10,000 a ƙarshen 1994, daga ciki 2,000 na kasuwanci ne. Gopher kuwa ta dusashe, garin neman gira an rasa ido.

Kasuwa Ta Ci

Abin da ya rage shi ne manhajar buɗe shafuka da kowa zai iya sarrafawa. A 1993, Marc Andreessen da Eric Bina, a wata cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Illinois da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, suka fitar da Mosaic, wadda ke nuna hoto da rubutu a shafi guda, ana kuma samunta kyauta. A watan Afrilu, 1994, Andreessen ya haɗa gwiwa da attajiri Jim Clark suka kafa kamfanin da ya zama Netscape. Kamfanin ya bar jama'a su sauke manhajarsa cikin sauƙi, yana neman kuɗinsa a wurin kamfanoni, ya kuma ɓullo da dabarar sirranta saƙo wadda ta sa aka fara amincewa da aika lambar katin banki ta waya.

Ciniki ya biyo baya nan da nan. A watan Oktoba, 1994, sayar da filin talla a shafukan yanar gizo ya kankama, cikin masu tallan farko kuwa har da AT&T, kamfanin da ya ƙi karɓar hanyar shekaru kusan 20 kafin nan. Amazon ya fara sayar da littattafai a watan Yuli, 1995, kasuwar gwanjo ta eBay kuma ta buɗe a watan Satumba na shekarar. A ranar 9 ga Agusta, 1995, Netscape ya fara sayar da hannayen jarinsa a kan dala 28 kowane ɗaya. Kafin a tashi kasuwa a ranar farashin ya tsaya a dala 58 da 'yan kai, darajar kamfanin ta kusa dala biliyan 3, alhali watansa 16 da kafuwa kuma bai taɓa cin riba ba.

Amma shi ma Netscape bai daɗe yana cin karensa babu babbaka ba. Kamfanin Microsoft ya fitar da tasa manhajar a 1995, ya haɗa ta kyauta da Windows, wadda ke kan galibin kwamfutocin duniya. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ƙara a 1998 kan zargin danne abokan gasa, sai dai kafin a yanke hukunci kasuwa ta riga ta juya. A watan Nuwamba, 1998, America Online ya sanar da sayen Netscape a kan kimanin dala biliyan 4.2.

Ba Girin-Girin Ba

Abin da ya faru da hannun jarin Netscape ya sa masu zuba jari suka riƙa rige-rigen sayen duk kamfanin da sunansa ya ƙare da .com, ba tare da duba littafin ribarsa ba. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Nasdaq ya kai maki 5,048 a ranar 10 ga Maris, 2000. Daga nan ya fara gangarowa, har ya sauka zuwa maki 1,114 a watan Oktoba, 2002, wato faɗuwar kusan kashi 78 cikin ɗari. Bai sake kai matsayinsa na da ba sai a 2015. Kamfanin Pets.com, mai sayar da kayan dabbobin gida, ya shiga kasuwar hannun jari a watan Fabrairu, 2000, ya rufe a watan Nuwamba na shekarar. Manyan kamfanonin shimfiɗa waya irin su Global Crossing da WorldCom sun durƙushe a 2002.

Duk da haka waɗanda suka yi hasashen cewa ciniki zai koma kan intanet ba su yi kuskure ba, farashin da suka biya ne ya wuce hankali. Hannun jarin Amazon ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari, amma kamfanin ya tsira saboda yana da abokan ciniki na gaske, ya kuma ci ribar shekara ta farko a 2003. Wayoyin da aka binne da kuɗin waɗanda suka yi asara kuwa su ne suka sauƙaƙa farashin intanet ga waɗanda suka zo daga baya.

Isowarta Afirka Ta Yamma

A wannan yanki, Ghana ce ta fara samun cikakken haɗi da intanet a 1995, shekarar da aka yi rajistar sunan .ng na Nijeriya. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1992, ta fara ba masu sayar da hidimar intanet lasisi a 1996, sai dai ƙarancin layukan tarho ya taƙaita abin ga 'yan ƙalilan a manyan birane. Sauyi ya zo ne bayan gwanjon lasisin wayar salula na watan Janairu, 2001, inda aka sayar da kowane lasisi dala miliyan 285. Har wa yau, wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 da ta fara aiki a farkon shekarun 2000 tana hannun kamfanin gwamnati na NITEL shi kaɗai a ɓangaren Nijeriya, farashi kuma ya ci gaba da tsada har sai da Main One da Glo-1 suka fara aiki a 2010. Wato abin da aka gani a Amurka da Turai shi aka sake gani a nan: ƙofa ɗaya mai tsada tana hana kasuwa ci.

Kammalawa

Amsar tambayar farko dai a fili take. Masu biyan haraji a Amurka da Turai su suka ɗauki nauyin hanyar na kusan shekara 25. Ribar kuwa ta tafi ga waɗanda suka kafa sana'a a bakin hanyar, irin su masu sayar da kaya, da masu talla, da masu ƙera na'urori kamar Cisco, wanda aka kafa a 1984, ya kuma zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci a watan Maris, 2000. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma gwamnatocin ma sun mayar da abin da suka kashe ta hanyar haraji da ayyukan yi.

Ga ɗan kasuwa kuwa akwai abubuwa huɗu abin lura. Na farko, kamfanin da ke cin riba da tsohon tsari shi ne yakan fi jinkirin ganin sabo, kamar yadda ya faru da AT&T. Na biyu, abokin ciniki shi ke nuna amfanin kaya, domin imel bai zo a tsarin farko ba. Na uku, wanda ya sa kuɗin shiga kafin kasuwa ta ci yana iya korar jama'a zuwa kasuwar maƙwabta, kamar yadda Gopher ta yi. Na huɗu, gaskata cewa sabuwar fasaha za ta yi nisa dabam ne da sanin farashin da ya dace a biya domin mallakar hannun jari a cikinta.

Akwai kuma tambayar da ya kamata duk mai ciniki ta intanet ya yi wa kansa a yau. Galibin masu saye da sayarwa yanzu a dandalin wasu manyan kamfanoni suke baje kolinsu, waɗanda ke iya sauya sharaɗi ko rufe shagon mutum a wuni guda, tsarin da ya fi kama da na CompuServe da Minitel fiye da wanda CERN ta bayar a 1993. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya ɗora dukkan harkarsa a kan wani dandali, ya dace ya san wane ne mai filin, nawa ne kuɗin haya, kuma ko zai iya ɗaukar sunayen abokan cinikinsa ya tafi da su in an tashe shi.